Amsa: Me ya sa Takyi ya samu tagulla bayan an doke shi?

Malam, ka tambaya yadda aka ba ɗan dambenmu na Ghana Samuel Takyi lambar tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo alhali Ba'amurke ya doke shi a zagayen kusa da na ƙarshe, kuma bai sake hawa dandali ba. Ba alfarma aka yi masa ba, doka ce.

A damben Olamfik ba a wasan neman na uku. Tun gasar Helsinki ta 1952 aka daina shi, saboda wanda ya sha naushi yau bai kamata a mayar da shi dandali bayan kwana ɗaya ko biyu ba, kai ne ake bugu. Shi ya sa duk biyun da suka faɗi a wannan zagaye suke karɓar tagulla. Haka Eddie Blay ya samu tasa a 1964, haka Prince Amartey a 1972.

Ƙwallo kuwa daban take. A Barcelona 1992 sai da 'yan wasanmu suka ci Ostareliya ɗaya da nema kafin aka rataya musu tagulla. Daga nan muka zauna shekara 29 ba ko lamba ɗaya sai da yaron nan ya zo.

Na tuna ranar a unguwar Nima da ke Accra, wurin mai shayinmu. Wani dattijo ya ajiye kofinsa, shayin har ya huce, yana ba mu labarin Clement Quartey da azurfar da ya ɗauko a Rum a 1960, muryarsa na rawa. Wallahi abin yana damuna, a ce lambobinmu biyar na Olamfik, huɗu daga dambe suka fito, amma yaran Bukom, unguwar 'yan dambe ta Accra, har yau da kyar suke samun safar hannu mai kyau.