Amsa: Shin Malam Adamu Ciroma masanin tattalin arziki ne?

Ka tambaya ko marigayi Malam Adamu Ciroma tattalin arziki ya karanta, tunda har ya riƙe Babban Bankin Najeriya. A'a, ɗan'uwa, tarihi ya karanta a Jami'ar Ibadan. Aikin gwamnati ya fara, daga nan ya zama editan jaridar New Nigerian a Kaduna. Janar Murtala ne ya naɗa shi gwamnan bankin a 1975. A 1977 ya sauka ya shiga majalisar tsara tsarin mulki, sai jam'iyyar NPN, inda ya nemi tikitin shugaban ƙasa amma Shagari ya samu. Daga baya ya yi ministan kuɗi, 1999 zuwa 2003.

Ni da na yi aikin banki, na ga yadda abin yake: lissafi na daraktoci ne da ƙwararrun da ke ƙasa, shi kuwa shugaba ana neman wanda zai karanta takarda a tsanake, ya mayar da ita ba sa hannu idan bai gamsu ba. Wannan hali aka san Ciroma, mutumin Potiskum, da shi. Sai dai ka lura, a zamanin soja ne aka naɗa shi gwamnan bankin. Yanzu dokar bankin ta 2007 ta ce sai mai ƙwarewa a harkar kuɗi, kuma sai Majalisar Dattawa ta amince.