Za a kafa mana tashar sola a bakin fadama: wa ke da ikon cewa a sauya wuri?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani gari da ke masarautar Haɗeja, jihar Jigawa. Garinmu bai taɓa ganin wutar gwamnati ba. Kwanakin baya wani kamfani ya zo da batun kafa mana ƙaramar tashar sola, kowa ya yi murna. Sai dai filin da aka nuna musu yana bakin fadama, kuma a ambaliyar 2022 ruwa ya kai ƙugu a wurin. Da na yi magana sai aka ce aikin na tarayya ne, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa, kuma in mun cika ƙorafi za a kai wa wani gari. Shin gaskiya ne? Me doka ta tanada?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Ba gaskiya ba ne cewa ƙaramar hukumarku ba ta da ta cewa. Ba ita ke ba da izinin sayar da wuta ba, wannan haka yake. Amma tasha a kan ƙasa ake kafa ta, kuma ƙasar karkara, a dokar Najeriya, tana hannun ƙaramar hukuma. Mu da ke aikin tsara garuruwa kullum daga nan muke farawa.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta raba filayen kowace jiha gida biyu. Abin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke kula da shi kai tsaye. Sauran, wato ƙauyuka da gonaki da makiyaya, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallakarsu ta gargajiya, ƙarƙashin sashe na 6. Sashe na 21 ya ƙara da cewa mai riƙe da irin wannan fili ba zai sayar ba, ba zai jinginar ba, ba zai bayar haya ba, sai da amincewar ƙaramar hukuma. Dokar ta ma tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma, ko da yake a wurare da yawa sunansa kawai ya rage. Saboda haka in dagaci ko bulama ya nuna fili, ya yi nasa na uban ƙasa, amma maganar ba ta cika ba sai ta bi ta sashen ƙasa na sakatariya. Akwai ƙofa guda da za a iya kewaye su da ita: sashe na 5 ya ba gwamna ikon bayar da takardar mallaka a ko'ina cikin jiharsa, birni ne ko ƙauye. Manyan ayyuka ta nan suke bi. Ƙaramar tasha irin taku ba kasafai take kaiwa can ba.

Abin da ya sa ake ce muku "na tarayya ne" shi ne ɓangaren wutar. Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, da ke Abuja ce ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023. A ƙa'idojin na 2023, tashar da ba ta wuce megawat 1 ba ita ce ƙarama. Wadda ke raba wutar da ba ta haura kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta haura kuwa sai da takardar izini. In kuma aikin na cikin shirin hukumar samar da wuta a karkara ta REA, kamar shirin DARES da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disamban 2023, to tallafin ma daga sama yake zuwa. Tun bayan gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar wutar lantarki ta Yunin wannan shekarar, jihohi na iya karɓar ragamar kula da wuta a cikin iyakarsu, kuma irin su Enugu da Ekiti da Ondo sun fara karɓa a 2024. To amma ko NERC ce ko hukumar jiha, abin da suke dubawa shi ne farashi da ingancin wuta da lafiyar kaya. Ba wanda zai taso daga Abuja ya tambayi tsofaffin garinku inda ruwa ke tsayawa a watan Satumba.

Ka riƙe wannan: kamfanin da ke neman izini dole ya gabatar da yarjejeniya tsakaninsa da al'ummar da zai ba wuta. Sa hannun wakilanku yana cikin takardun da ake nema. Ke nan ba alfarma kawai ake yi muku ba, ku abokan ciniki ne da za su riƙa biyan kuɗin mita shekara da shekaru.

Batun tsara gine-gine shi ne inda igiyarmu ta fi rauni. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce a sami hukuma a tarayya, a jiha, da kuma a kowace ƙaramar hukuma, kowacce da sashen da ke duba gini kafin a fara. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Jihohi suka riƙe, suka kafa hukumominsu na tsara birane irin KNUPDA ta Kano, hankalinsu kuma ya tafi kan manyan birane inda kuɗin fuloti yake. Ƙauye ya zama maraya. Da wuya ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ka tarar da taswirar da ta nuna iyakar ambaliya. Hukumar tarayya mai sa ido kan koguna, NIHSA, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma na fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Amma hasashen yana cewa ne "ƙaramar hukuma kaza", ba ya cewa "filin bayan makaranta". Wannan cikon, mutanen gari ne kawai ke da shi.

A Ingila, inda muka gaji tushen wannan sana'a, sun rufe wannan giɓi da ƙa'ida mai sauƙin fahimta. An raba ƙasa shiyya uku gwargwadon haɗarin ruwa, kuma kafin majalisar yanki ta yarda a yi gini a shiyya mai haɗari, sai mai ginin ya nuna cewa ya nemi wuri mafi aminci bai samu ba. Ba a hana aiki, ana tambaya ne: me ya sa nan, alhali ga can? Ita ce tambayar da nake so ku yi wa kamfanin.

Yanzu ga ainihin ruwan. Kai ka fi ni sanin kogin Haɗeja, amma bari in faɗi abin da ya shafi lissafin injiniya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani kamar da. Ruwan da ke kwance duk shekara ya ba ciyawar kachala gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru, gadon kogin ya cike. Shi ya sa idan damina ta yi nauyi, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwan ba ya samun hanyar wucewa zuwa Yobe da sauri, sai ya fasa jinga ya bazu cikin Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Abin da ya faru a 2020 ya maimaitu a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar. Ruwan da ka gani a ƙugu ba tsautsayin shekara guda ba ne, halin da kogin ya koma ke nan.

Farantan sola ana sa ran su yi shekara 20 zuwa 25 suna aiki. A ɗauka filin nan ruwa na cinye shi sau ɗaya a shekara goma. A tsawon shekara 25, yiwuwar ruwa ya shiga tashar aƙalla sau ɗaya ta haura kashi 90 cikin 100. Ko ambaliyar da ake cewa sai shekara ɗari take zuwa, a cikin shekara 25 yiwuwarta ta kai kusan kashi 22. Su farantan da sauƙi, ana iya ɗaga su a kan dogayen ƙafafun ƙarfe ruwa ya wuce ta ƙasa, muddin igiyar ruwan ba ta zaizaye gindin ba. Damuwata ɗakin batir da inbata ne, wato na'urar da ke juya wutar faranti zuwa irin wadda gidaje ke amfani da ita. Nan ne zuciyar tashar, nan kuɗi mai yawa yake kwance, kuma waɗannan kaya ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Batirin litiyam da ya nutse ba a shanya shi a mayar, yana ma iya kamawa da wuta bayan ruwan ya janye. Sannan ga mutane: wayoyin da ke fitowa daga faranti suna ɗauke da wuta muddin akwai rana, ko an kashe tashar. Ka tuna yaran da ke bin ruwan ambaliya suna kamun kifi.

Akwai abin da ya fi ci mini rai. Ranar ambaliya ita ce ranar da gari ya fi buƙatar wuta: asibitin sha-ka-tafi na son firij na allurai, famfon burtsatse na son wuta domin rijiyoyi sun gurɓace, kowa na son cajin waya ya nemi 'yan uwa. Wanda ya ga Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024 ya san yadda duhu ke ninka wahalar ruwa. Tashar da ke kan tudu za ta yi muku rana a wannan lokaci. Ta bakin fadama ita za ta riga kowa mutuwa.

To me ya sa ake zaɓar irin wannan fili? Galibi ba mugunta ba ce. Filin da ruwa ke ci shi ne wanda ba a rigima a kansa, ba magada, ba diyya. Ma'aikatan kamfani kuma da rani suke zuwa awo, su tarar da fili shimfiɗe, busasshe, ba inuwar bishiya, su ce madalla. Ba su san garin ba, kuma masu masauki na jin nauyin faɗa wa baƙo aibin kyautar da suka ba shi. Amma ƙaramar tasha ba ta cin ƙasa da yawa. Megawat guda na buƙatar kusan hekta biyu, ta kilowat 100 kuwa ba ta kai rabin hekta ba. Samun wannan a kan jigawa, a jihar da sunanta ma daga jigawa ya samo asali, ba abin da zai gagari gari ba ne. Ƙarin kuɗin bai wuce na 'yan falwayoyi da waya ba, da diyyar mai gona.

Barazanar cewa za a kai wa wani gari, kada ta firgita ku. Kafin kamfani ya zo nuna fili ya riga ya kashe kuɗi ya ƙirga gidaje da shaguna da injinan niƙa, ya ga akwai ciniki. Mai zuba jari ya fi ku tsoron batirinsa ya nutse. Abin da zai kore shi shi ne rigimar fili ko a ce ba a so. Don haka kada ku je da "ba mu yarda ba". Ku je da wani filin a hannu.

Ga yadda zan bi da abin in ni ne. Ka fara da mai gari, cikin ladabi, kai da dattawa biyu ko uku da suka ga ambaliyoyin baya, don kada ya ji an tsallake shi. Ku zaga da shi ku nuna tabon ruwan 2022 a jikin bango ko bishiya, ku auna tsayinsa daga ƙasa, ku ɗauki hoto. Ku daidaita kan filin tudu, da yadda za a sallami mai shi ko a ba shi musaya. Daga nan ku rubuta takarda zuwa ga ciyaman ta hannun kansilanku, kwafi ga hakimi da kamfanin da ma'aikatar muhalli ta jiha, kuna neman kada a amince da miƙa fili sai an duba haɗarin ruwa. Ku nemi ganin rahoton muhalli na aikin. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 tana nan, kuma duk aikin da kuɗin Bankin Duniya ya shiga ana buƙatar ya sami shirin kula da muhalli da hanyar karɓar koken jama'a. Ku duba ko kalmar ambaliya ta fito a rahoton, da wanda aka tambaya.

In ta kama dole sai wannan filin, to a rubuta cikin yarjejeniya cewa daɓen ɗakin batir da akwatunan haɗa waya za su zauna sama da tabon 2022 da aƙalla rabin mita, cewa shinge da cikon ƙasa ba za su tare hanyar ruwa su juya shi cikin gidaje ba, cewa kayan na da inshora, kuma a faɗi wanda zai gyara da cikin kwana nawa in ruwa ya yi ɓarna. Magudanan ruwa kuwa aikin ƙaramar hukuma ne a jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, kuna da hujjar tambayar ciyaman abin da ya ware wa jinga da magudana a kasafin bana. Ku yi duk wannan kafin a zuba kankaren farko, domin bayan an kafa ƙarafa sauya wuri sai ya ninka kuɗi.