Bulokcen Ba Ya Buɗe Buhu

Tambaya: Wani kamfani ya ce in ƙungiyarmu ta yi rajista a manhajarsa ta bulokcen, masararmu za ta ƙara daraja, don mai saye zai san gonar da ta fito. Mu shiga?

Amsa: Malam, bulokcen kundi ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci da yawa, abin da aka rubuta a ciki kuma da wuya ya gogu. Yana da ranarsa. A gwajin bulokcen da kamfanin kantuna na Walmart da kamfanin kwamfuta na IBM suka yi, gano gonar da mangwaro ya fito ya sauko daga kusan kwana 7 zuwa daƙiƙa 2.2. Sai dai kundin ba ya buɗe buhu. In wakilin kamfani ya rubuta cewa masararka busasshiya ce alhali da danshi, ƙaryar za ta zauna daram.

Danshin nan shi ya fi damuna. Duk kaka sai na maimaita, amma har yanzu ana zube masara a ƙasa, raɓa ta sauka a kanta, a ɗura a buhu. Funfuna ta kama, gubar afalatoksin mai lalata hanta ta taru, dahuwa kuma ba ta kawar da ita. Ku shanya a kan tamfol har danshi ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Ba ku da na'urar awo? Zuba ƙwayar masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka rufe, ka girgiza. In gishiri ya manne a jikin kwalba, koma shanya. Mai saye na gaskiya gwada hatsi zai yi, ko me manhaja ta ce.

Kafin ku biya ko sisi, a nuna muku mai sayen da ya sa hannu kan ƙarin farashi. Ko TradeLens, tsarin bulokcen na bin sawun kaya da kamfanin jiragen ruwa na Maersk da IBM suka kafa, a 2022 aka sanar da rufe shi don bai samu isassun kamfanoni ba.

Tambaya: Maganin feshin da na saya da tsada yana da lambar bulokcen. Ba jabu ba ne ke nan?

Amsa: Hajiya, ana kwafar lamba a manna wa kwalbar jabu, kuma da kin duba gonar tun tsutsa tana ƙarama, da ba ki kai ga wannan tsadar ba.

Tambaya: An ce inshorar bulokcen tana biya da kanta in an yi fari.

Amsa: Tana biya ne bisa ma'aunin ruwa ko tauraron ɗan'adam da aka haɗa ta da shi. Tambayi nisan ma'aunin daga gonarka, don ana iya tafka ruwa can, shukarka na ƙonewa.