Maɓallan sabon fiyanona suna rawa, ko zan iya karɓo kuɗina?

Barista, barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo a Daura. Watan jiya na sayi sabon fiyano mai haɗa sauti a wani shago a Katsina. Da na zo gida sai na tarar maɓallan murɗawa guda uku suna rawa, ɗaya ma yana zarewa. Mai shagon ya nuna mini rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya. Kuɗina nake so, in ya ƙi ofishin 'yan sanda zan kai shi.

Malam, batun 'yan sanda ka ajiye shi tukuna. Ciniki ne tsakaninku, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki zalla. Sai fa in kana da hujjar cewa tsohon fiyano ya goge ya sayar maka a matsayin sabo, wanda ban gani a wasiƙarka ba.

Inda nake ganin ka yi wa haƙƙinka faɗi shi ne zaton cewa duk abin da bai kwanta maka ba dole a mayar maka da kuɗi. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayayya, ta ba ka wata uku daga ranar da ka karɓi kaya ka mayar da su in suna da aibi. Amma abin da ta ɗora wa mai sayarwa ɗaya ne cikin uku: gyara, canji, ko mayar da kuɗi. Zai iya cewa gyara zai yi, kuma mai yiwuwa a saurare shi.

Sannan sai an tabbatar aibi ne. Rawar maɓalli kala-kala ce. In hular robar ce kawai take zarewa daga kan ƙarfenta, wannan ƙaramin abu ne, da wuya ya warware ciniki. In ƙarfen ne da kansa yake ɗan lilo, masana'antu da yawa suna liƙa shi ne da dalma a allon ciki ba tare da noti ya ɗaure shi da murfi ba, don haka mai shago zai ce haka ƙirar take, har ya ɗauko wani ya nuna maka. Amma in ka murɗa sauti yana ƙarƙara ko yana yankewa, ko lambobin kan gilashi suna tsalle da kansu, to maganarka ta yi ƙarfi sosai. Wanne ne naka? Ba ka faɗa ba, kuma shari'ar kusan duk a nan take. Za a kuma tambaye ka ko ka gwada a shago, ka ji rawar, ka biya duk da haka.

Shi kuwa mai shagon, rubutun rasit ɗinsa ba ya goge abin da doka ta ba ka. Abin yana damuna yadda ake yi wa mutane barazana da wannan layi ɗaya alhali kayan kuɗi masu yawa ne.

Kada ka bari mai gyaran rediyo ya kwance shi, kada ka ɗiga masa gam. Da an taɓa noti ɗaya za a ce kai ka lalata, garanti kuma ya tafi. Ka daina fita da shi wajen biki. Ɗauki bidiyo yau, hannunka na murɗawa sauti na fita, lambar jikin fiyanon ta fito. Kwali, rasit da alat na banki, duk ka adana su.

Ka rubuta masa saƙo ko ta WhatsApp ne, ka bayyana aibin, ka nemi canji, ka ba shi mako biyu. Wata ukun nan suna tafiya, kada “ka dawo jibi” ta cinye su. In ya yi kunnen uwar shegu, ka nemi shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwarsu ku zauna, don sau da yawa shi ma yana da hanyar mayar wa dilan da ya saro a wajensa a Kano ko Legas. Daga nan sai ƙorafi ga FCCPC.

Kotu a buɗe take, amma ka lissafa kuɗin lauya, zirga-zirgar Daura zuwa Katsina, da fiyanon da zai zauna ba ya kawo ko sisi. In mai shagon ya yarda ya canja ko ya gyara da kuɗinsa, a rubuta ranar da zai damƙa maka da abin da zai biyo baya in rawar ta dawo, ku sa hannu gaban shaidu biyu, ni dai zan ce ka karɓa.