Kawu, a nan kotun gunduma ke raba gado

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni wa ke yi mana shari'a a Ostiriya, tunda ba mu da alƙali, ba mu kuma da Sarkin Zango irin na Kumasi. Mu Hausawan birnin Graz ba mu kai yawan da za mu naɗa sarki ba. Ƙananan saɓani, na bashi ko na miji da mata, dattawanmu ke kashewa a falon wani bayan sallar Juma'a. Amma da zarar magana ta taɓa saki, gida ko gado, sai kotun gunduma, kuma wannan kotu ta girmi ƙasar da muke zaune a cikinta.

Kafin 1848, mai gona shi ne alƙalin manomansa. Shi ke karɓar aikin tilas daga gare su, shi kuma ke yanke musu hukunci. Boren wannan shekara ya rushe tsarin, zuwa 1850 kuma daular Habsburg mai mulkin Ostiriya a lokacin ta yanka ƙasarta gunduma-gunduma, kowace da alƙalin gwamnati da littafin da ake rubuta wa ke da wane fili. A 1868 aka raba aikin alƙali da na mai mulki kwata-kwata.

Bari in ba ka labarin kotu guda ɗaya, ta garin Radkersburg, kudu maso gabashin Graz, a bakin kogin Mur. Zamanin daular, kogin nan ba iyakar ƙasa ba ne. Manoman kwarin Abstall da ke can ƙetare, masu jin Jamusanci, tsallakowa suke yi su kawo ƙara ko su yi rajistar gona. Da daular ta wargaje a 1918, sojojin sabuwar ƙasar da daga baya ta zama Yugoslabiya suka shiga garin, ba su fita ba sai 1920. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta mai da kogin iyaka: garin ya zauna a Ostiriya, Abstall da tsohuwar fadar da ke kan tudu suka faɗa ɗaya ɓangaren, yau suna Slobeniya. Mutum ya kwana da gonarsa a gundumarsa, ya wayi gari tana ƙasar waje. An karya gadar garin a 1945, sai 1969 shugaban Yugoslabiya Tito da shugaban Ostiriya Franz Jonas suka buɗe sabuwa. Yanzu da ƙafa ake tsallakawa a sha shayi a dawo. Kotun kuwa ta tsira daga yaƙe-yaƙen duniya guda biyu, sai tsimin kuɗi ya ci ta: a 2014 aka rufe ta, aka mai da aikinta kotun garin Feldbach, har da littafin filayen.

Wannan tsari na rajistar komai shi ya sa muke yin abin da kake gani kamar rashin yarda da juna. A gida, shaidu da sadaki da goro sun ɗaura aure, an gama. A nan, auren masallaci kaɗai kotu ba ta san shi ba, kuma idan mijin ya rasu ba za a lissafa matar a matsayin matarsa ba. Don haka mukan fara zuwa ofishin rajistar aure, sannan liman ya ɗaura. Mace ta biyu kuwa laifi ce a dokarsu, kada ma ka sake yi mini wannan tayin.

Gado ya fi wuya. In mutum ya rasu, kotun gundumarsa takan miƙa maganar ga wani masanin doka da suke kira Notar, ya tara magada ya lissafa dukiya da bashi. Idan babu wasiyya, matar ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku, 'ya'ya su raba sauran daidai wa daida, mace da namiji. Ko da wasiyya ma, ba a iya hana mata ko ɗa rabin kason da doka ta ba su. Abin da wasunmu ke yi shi ne magada balagaggu su zauna da malami, su amince da rabon Musulunci, su sa hannu a gaban Notar. Idan ɗaya ya ƙi, ba mai tilasta shi. Na ga inda yarinya haifaffiyar nan ta ƙi, kuma a raina ban iya ganin baƙinta ba, don ita ta yi jinyar uban.

Kada ka ɗauka addininmu a ɓoye yake. Ita dai wannan daula, bayan ta haɗe Bosniya a 1908, ta amince da Musulunci a doka a 1912, shi ya sa 'ya'yanmu ke samun darasin addini a makarantun gwamnati. Dokar da farko mazhabar Hanafiyya kaɗai ta ambata, sai 1987 kotun tsarin mulki ta cire wannan ƙaidi, mu Malikawa muka shiga ciki. Juma'a da yawa a masallacin da Bosniyawa suka gina nake yi.

Batun gidan Baba na Fagge da ka ce in aiko da izini ta waya, a yi haƙuri, takarda zan aiko da sa hannu, kowa cikinmu ya riƙe kwafi. A gaida Inna.