Daga Birkila Zuwa Ɗan Kwangila

Ƙanena, ka ce shekararka shida kana birkila a Garwa, kana tambaya ko lokaci ya yi da za ka fara karɓar kwangila da kanka.

Hannunka ya iya, ban musa ba. Amma ni lissafi ne ya fara kayar da ni. Kwangilata ta farko, ɗaki uku da falo, na yanke kuɗi da baki, babu takarda. Kafin mu kai linta rodi ya tashi, simintin da ake yi a garin Figil ma ya ƙara kuɗi, mai gida ya ce shi bai san zancen ba. Babur ɗina na sayar na sallami leburori.

Don haka rubuta komai, da shaidu, a biya ka kashi-kashi: harsashi, linta, rufi. Yashin Binuwai kuma ka tara shi tun rani, domin kogi na cika farashi zai haura. Zubin kankare a zafin Afrilu sai da sassafe, a yi ta ba shi ruwa.

Kwangilar gwamnati kuwa, bari tukuna. Biyanta na jinkiri, mai ƙaramin jari ba ya jurewa.