Wane Linux Ne Ya Dace Da Sabar Rumbun Bayanai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a Zariya. Za mu kafa sabar da za ta riƙe bayanan ɗalibai da sakamakon jarrabawa a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL. A cikin nau'o'in Linux, wani ya ce in ɗora Fedora, wani kuma ya ce CentOS 7 ta fi ƙarko. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Barka kadai, malam. Dukkansu ajiye su. An daina yi wa CentOS 7 facin tsaro tun 30 ga Yunin 2024, duk ɓarakar da aka gano bayan nan babu mai toshe maka ita. Fedora kuwa ba ta da laifi a kwamfutar hannunka, amma wata 13 kacal ake kula da kowace fitowarta. Wa zai so ya riƙa ɗora wa sabar sabuwar fitowa duk shekara, wataƙila ma ana tsakiyar shigar da maki?

Abin da rumbun bayanai ke so shi ne zama lafiya. Ni da za a bi ta tawa, Ubuntu 24.04 LTS (LTS na nufin fitowar da ake daɗewa ana kula da ita) za ka ɗora: za a ci gaba da kula da ita har 2029, tana zuwa da PostgreSQL 16, kuma in ka maƙale ba za ka sha wahalar samun wanda ya santa ba. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Debian ma ba ta baya ba ce, sai dai mai aiki da manhajar rumbun bayanai ta MySQL ya sani makwafinta, MariaDB, zai tarar a cikinta. Wanda hannunsa ya saba da CentOS ya koma Rocky Linux 9 ko AlmaLinux 9, kulawarsu za ta kai 2032.

Amma fara tambayar masu manhajar makarantar tsarin da suka amince da shi. Oracle, alal misali, ba ta lamunci a ɗora rumbunta a Ubuntu ba.

Sai batun wuta. Ka haɗa sabar da UPS ko inbata. Kuma in wani ya ce ka buɗe postgresql.conf, fayil ɗin saitin PostgreSQL, ka mayar da fsync (saitin da ke tabbatar da bayanai sun zauna a faifai) zuwa off don ƙarin sauri, kada ka yarda. Aka ɗauke wuta ana cikin rubutu, rumbun na iya lalacewa. Ka saita pg_dump, manhajar kwafe rumbun PostgreSQL, ya riƙa kwafe bayanan kowane dare zuwa wata na'ura daban, sannan lokaci-lokaci ka gwada dawo da kwafin a wata kwamfutar.